Kawu da Rautar Inna

Ina da baki, ina da zuciya, duk danginmu sun shaida. A makarantar da nake koyarwa a Birnin Kebbi ma, idan na shigo ofis malamai kan rage murya. Na faɗi wannan tun da farko ne don a gane yadda aka yi na shafe mako uku ina faɗa da wata 'yar na'ura, ina zargin maƙwabta da mai shago da kamfanin waya, alhali rabin laifin a harshena yake.

A shekarar da nake ba da labari idon Inna, mahaifiyata, ya fara tafiya. Hawan jinin ido ne. Likitan da na kai ta wurinsa ya ja ni gefe ya ce na hagu ya riga ya mutu, na dama kuma saura 'yar kafa, kafar ma kullum ƙara tsukewa take yi, magani ja mana lokaci kawai zai yi. Na ce wata nawa? Ya ce shi ba zai yi mini alkawari ba. A daidai lokacin ƙanena, autanmu, yana karatu a ƙasar waje, matarsa na da tsohon ciki, kuma ba shi da halin dawowa sai ya gama. Inna ba ta taɓa cewa tana tsoron makanta ba. Abu ɗaya ta faɗa, wata rana tana tsince shinkafa da lalube: tana so ta ga fuskar abin da za a haifa wa Auta kafin a rufe mata.

Auta ya aiko mata da babbar waya mai faɗin allon karatu, don hoto ya fito mata da girma. Wayar ba ta ɗaukar layi, sai da waifai take aiki. Saboda haka ya haɗo da rauta, wata farar 'yar akwati mai ƙaho biyu, wadda ake saka wa layin waya ta jawo intanet ta raba wa gida. Da so samu ne da na ɗauko Inna na kawo ta gidana a Gwadangaji, inda sabis yake da ƙarfi. Amma wa zai tunkare ta da wannan magana? Ni ce 'yar fari, ko sunana ba ta taɓa kamawa ba, balle ta kwana a gidan suruki. Dole akwatin ya bi ta Argungu, cikin tsohon gidan ƙasa da mahaifinmu ya rasu ya bar ta a ciki.

Wata Asabar na je na haɗa komai da hannuna. Na saka layi, na zuba data, na jona rautar da batirin solar ɗakin, na ɗora ta a kan teburi. Na shiga shafinta ta wayata na canza mata suna da lambar sirri. 'Yan fitilun gabanta suka kunno kore shar. Muka kira Auta, ya fito raɗau, Inna ta kai fuskarta dab da gilashin ta ce ya rame. Na koya mata inda za ta dangwala idan wayar ta yi kuka. Da na tashi tafiya na nuna akwatin da yatsa, na ɗauko muryar da nake yi wa 'yan aji.

"Inna, wannan kada ki taɓa shi. Kada kowa ya taɓa shi. In ya lalace shi ke nan, babu wani."

Ta ce to.

Ranar Litinin saƙon Auta ya shigo: ya kira sau huɗu, ba ya shiga. Na buga wa Inna a ƙaramar wayarta mai maɓallai, na ce akwatin yana nan? Ta ce yana nan lafiya lau, a adane. Na ce a jone yake da wuta? Ta ce a jone yake. Na ce to lallai sabis ne, gobe zai dawo. Bai dawo ba har Juma'a.

Asabar da safe na buga mata na ce ga ni nan tafe, na shiga motar haya. Ina isa na tarar da rautar a kan teburi inda na bar ta, fitilu kore, ta yi tsaf kamar ba ita ba. Na kira Auta, ya shiga nan take. Na kashe ta na kunna, na zare layin na goge da bakin mayafi na mayar, na duba data, ko rabi ba a ci ba. Na koma Birnin Kebbi ina cewa Auta ne bai iya kira ba. Ranar Lahadi abin ya sake mutuwa.

A mako na biyu zargina ya faɗa kan maƙwabta. Na ji ana cewa akwai masu satar waifai su shanye wa mutum ƙarfinsa, ga shi kuma akwai tela da iyalinsa a bayan katangar Inna. Na shiga shafin rautar na duba jerin wayoyin da suka taɓa hawa, ban ga kowa ba sai babbar wayar Inna da tawa. Wannan bai hana ni ba. Na sa sabuwar lambar sirri mai tsawon da ni kaina sai da na rubuta ta a takarda, na ɓoye sunan waifan, sannan na leƙa gidan telan na yi wa matarsa wata gaisuwa mai ƙaya a ciki. Baiwar Allah, ko me ake nufi da waifai ba ta sani ba. Har yau idan na tuna ina jin kunya.

A mako na uku na kwaso akwatin na kai wa wani mai gyaran waya a Birnin Kebbi. Ya zura tsinke a wani ɗan rami a bayanta ya mayar da ita sabuwa, ya sake saita komai, ya bar ta a kunne a kan teburinsa wuni guda cur. Ko ƙiftawa ba ta yi ba. Ya ce, "Hajiya, lafiyarta ƙalau." Na ce shi ne dai bai san aikinsa ba. Na buga wa kamfanin layin, suka sa mini kiɗa a kunne har na gaji, daga baya wata mai zaƙin murya ta ce babu matsala a yankin Argungu. Ita ma ta samu nata rabon.

Ana cikin haka takarda ta fito daga ma'aikata: an tura ni kwas na mako shida a Kaduna, ranar Lahadin sama zan tafi. Haihuwar matar Auta a cikin waɗannan makonnin ake sa ranta. Na zauna a ofis da takardar a hannu ina lissafi. Rauta ba ta aiki sai ina nan, ni kuma ba zan kasance nan ba, idon Inna kuma ba zai jira in dawo ba.

Asabar ɗin nan na mayar da akwatin Argungu, ya yi aiki kamar kullum, na ji kamar in maka shi da ƙasa. A hanyar dawowa na sauka a Zauro, domin Inna ta ba ni busasshen kifi in kai wa Kawu.

Kawu ƙanen Inna ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Injin ban ruwa yake gyarawa, irin wanda manoman shinkafa ke jan ruwa da shi a fadama lokacin rani. Bai yi boko ba ko na kwana ɗaya. Rumfarsa ta langa-langa ce a bakin hanya, ƙasanta baƙi ƙirin da mai, shi kuma kullum yana tsugune a tsakiyar ƙarafa da tabarau mai ƙafa ɗaya, ɗaya ƙafar zare ne. Mutum ne mai sanyin magana har ya ba ka haushi. Tun ina yarinya nake ganin yana ɓata lokaci, don sai ya yi rabin sa'a yana kallon inji bai taɓa shi ba.

Ya dube ni ta saman tabarau. "Ke, mi as same ki? Fuska kamar an hana ki gado."

Na zazzage masa komai, ba don ina tsammanin wani abu daga gare shi ba, don dai in huce. Yana ji yana wanke wani ƙarfe a cikin gwangwanin fetur.

"Wanga inji naki," ya ce, "yaushe ya ke aiki?"

"Kawu, ba inji ba ne irin naka."

"Awo, na ji. Yaushe ya ke aiki?"

"Duk ranar da na je."

"Wurin mai gyara fa?"

"Ya yi."

"Yaushe ba ya yi?"

"Da na juya baya."

Ya ajiye ƙarfen ya goge hannu. "In manomi ya kawo man inji ya ce ba ya jan ruwa, na tada shi nan ya ja, ba ni ƙara kwance shi. Gona ni ka zuwa. Kuma ba ni gaya mai ranar da za ni, don in ya sani sai ya share bakin tiyo kahin in iso, in tarar da komi lahiya. Ke in za ki Argungu, kina gaya mata?"

Tun da na yi aure ban taɓa zuwa gida ban buga na ce ga ni nan tafe ba.

"Talata in kin taso makaranta ki biyo ta nan," ya ce. "Kada ki buga ma kowa."

Ranar Talata na tarar da shi a bakin hanya da jakar buhu cike da sifana da filaya. Na ce Kawu, me za ka kwance da waɗannan, abin ko noti ɗaya babu a jikinsa? Ya ce jakar ta saba bin shi. Muka isa Argungu ana kiran la'asar.

Inna na zaune a tsakar gida tana jan carbi. Da ta ji muryata sai ta yi firgigit ta yunƙura za ta shiga ɗaki, Kawu ya riga ta da gaisuwa. Ya tsuguna ya gaishe ta kamar shekara ba su haɗu ba: gida, jiki, ido, awaki, ruwan bana, wanda ya mutu da wanda ya haihu a Zauro. Ni kuwa na wuce su na ɗaga labule. Teburi wayam. Babbar wayar na jingine da bango, rauta babu ita babu alamarta.

Na juyo da magana cike da baki. Kawu ya riga ya iso bayana, ya ce a hankali, "Je ki ɗebo man ruwa a randa." Na ce Kawu ka ga fa. Ya ce, "Ƙishi ni ke ji." A duniya babu mai aikena in ina cikin fushi, amma ranar na tafi.

Da na dawo na same shi durƙushe a gindin batirin sola. Ya kama wayar wutar da yatsu biyu yana bin ta, taƙi bayan taƙi, ta bayan teburi, ta ƙarƙashin gado, har kusurwar da Inna ta jera kwanoninta na aure. Wayar ta hau jikin babbar kwalla mai furanni ja, wadda ke can ƙasan jeren, ta shige ƙarƙashin murfi. Na san wannan kwallar. A ciki Inna ke ajiye likkafanin da ta zo da shi daga Makka, da takardar gida, da turarenta. Kawu bai taɓa murfin ba. Ya zauna a ƙasa ya ce, "Yaya, zo ki buɗe muna da hannunki."

Inna ta shigo tana dafa bango. Ta sauke kwanonin sama ɗaya bayan ɗaya, ta buɗe, ta ɗauko wani ƙunshi a cikin sabon ɗankwali. Ga ƙahonin nan biyu an kwantar da su a hankali. Ba ni take wa magana ba, ƙanenta take wa.

"Ɓera ya cinye man wayar rediyo bara. Awaki na shigowa, ɗiyan maƙwabta na shigowa, ni kuma ban gani. Abin da yaron ga ya aiko daga uwa duniya, in bar shi a hili kamar takalmi? Yarinyar ga ta ce in ya lalace babu wani. Ban raba shi da wuta ba ko sau guda. In ta ce tana tahe sai in maida shi inda ta aje, don kada ta yi hushi."

Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Mako uku tsohuwar nan tana zaune gaban waya tana jiran ta yi kuka, ɗanta yana can yana kira, abin da zai haɗa su kuma yana rufe a cikin kwanon ƙarfe, a wuri mafi daraja da ta mallaka, saboda tsoron bakina.

Kawu bai ce mata ta yi kuskure ba, ni ma bai dube ni ba. Ya karɓi akwatin ya juya shi a tafin hannu, ya ce ya yi zafi, abin nan yana son iska. Sannan ya ce in riƙe babbar wayar in riƙa gaya masa abin da na gani, shi ba ya karatun nasara. Ya mayar da rautar cikin kwalla ya rufe. Na ce alamar waifai ta ɓace. Ya buɗe murfi. Na ce ta dawo, amma fitilar sabis ja ce. Ya fito da ita ya ɗora a teburi ya miƙar da ƙahonin. Na ce kore, sanda biyu. Ya kai ta bakin ƙofa, biyu. Ya kai ta jikin bangon gabas, ɗaya. Kowane wuri sai ya tsaya ya jira, ba ya canza abu biyu a lokaci guda, ni ina ta cika ina batsewa a raina. Can ya tambaye ni ina dogon ƙarfen kamfanin yake a garin. Na nuna masa wajen kasuwa. Ya taka kujera ya ɗaga akwatin sama dab da 'yar tagar da ke kallon can. Sanda huɗu suka cika, abin da ban taɓa gani ba a gidan.

"To," ya ce. "Abin da ya ke sha ta nan ya ke shigowa. Ƙarhe na tare shi, bangon ƙasa na rage shi." Ya sauko. "Amma Yaya ta yi gaskiya, ɓera ba shi da mutunci. Ina ragayar da Malam ke rataye hura?"

Malam mahaifinmu ke nan. Ragayar igiyar kaba ce da aka saƙa, ana rataye ƙwaryar fura a ciki daga azara don kada kyanwa ko yara su kai gare ta. Tun rasuwarsa tana cikin kayan ɗaki, Inna ta lalubo ta ba tare da ta yi dogon nema ba. Kawu ya zaunar da ɗan faifai a cikinta, ya ɗora rautar a kai, iska na shiga ta ko'ina. Ya buɗe jakar nan da na yi wa dariya, ya ciro filaya da ƙusa, ya huda murfin gwangwani ya zura a igiyar daga sama, yadda ko ɓera ya biyo azara zai zame ya faɗo. Wayar wutar kuma ya zura ta cikin guntun tiyon ban ruwa ya ɗaure a bango. Ya daidaita tsawon igiyar sau uku, har sai da ya tabbata akwatin yana saitin taga kuma hannun Inna yana kaiwa.

Saura abu ɗaya. Na ce wani lokaci takan daskare, sai an kashe an jira kaɗan an kunna, Inna kuma ba ta ganin maɓalli balle fitilu. Kawu ya ɗiga kakin kyandir a gefen maɓallin ya bar shi ya bushe. Ya kama yatsan yayarsa ya kai mata.

"Kin ji wanga ƙurji? In wuni ya wuce waya ba ta yi kuka ba, ki danna kusa da shi. Ki ja carbi zagaye guda. Ki sake dannawa. Taɓa shi, Yaya, naki na. Ba ya cizo."

Ta danna, ta ja carbinta, ta sake dannawa. Fitilu suka dawo ɗaya bayan ɗaya. Ta yi 'yar dariya, irin wadda na daɗe ban ji ba.

A mota muna komawa na ce, "Kawu, na yi laifi." Ya ce shi ma akwai shekarar da ya kwance inji sau uku, ashe kwaɗo ne a cikin tiyo. Daga nan ya koma zancen tsadar fetur. Na zauna ina satar kallon hannuwansa masu tsagewa, ina tunanin takardun shaidar da na jera a bangon falona. Ni na san sunan kowane abu a shafin rautar nan, shi ko sunanta bai iya faɗa ba har ya bar duniya, injin Yaya yake ce mata. Amma shi ya san a tsaya a duba, ya kuma san yadda ake gyara abu ba a karya mai shi ba. Ban taɓa ganin gwani irinsa ba, kuma na yi baƙin cikin shekarun da na yi ina ganin sanyinsa kasala ce.

Kafin in tafi Kaduna na shiga gidan tela na ba matarsa haƙuri. Ta ce ita ba ta ma gane faɗa nake yi ba.

Ina mako na biyu a kwas aka haihu, namiji. Washegari da hantsi, muna hutun shan shayi, Auta ya kira ya haɗa mu mu uku. Na fita bayan aji na tsaya ƙarƙashin wata dalbejiya. Wayar Inna ta yi kuka sau biyu aka ɗauka. Ban ga fuskarta ba, goshinta kawai na gani da idon dama, ya cika gilashin, tana karkata kai tana neman 'yar kafar da ta rage mata. Auta ya kawo jaririn dab da kyamara. Hoton bai tsinke ba, bai daskare ba. Ta daɗe tana kallo har na zaci ba ta gani.

"Juya man shi," ta ce. "Ɗaya gehen."

Ya juya shi.

"Kunnen Malam na. Ga lanƙwasar nan a sama." Ta ja numfashi. "Kai, wanga miji nawa baƙi na, ni ban so." Muka yi dariya, ni ina yi ina share hawaye da bakin mayafi, mutane na wucewa suna kallona.

Kullum da hantsi take ganinsa bayan nan. Sau biyu abin ya daskare, ta danna, ta ja carbi, ta danna, ba ta ko gaya mini ba sai daga baya. Ta ga ranar suna, ta ga an yi masa aski, ta ga ranar da ya fara murmushi. Lokacin da na dawo daga Kaduna ta fara cewa hoton yana yi mata hazo. Kafin a gama yankan shinkafa idon ya rufe gaba ɗaya. Ba ta bari an sauke ragayar ba, ta ci gaba da ɗaukar kira tana jin muryoyinsu.

Yaron yana da shekara uku Auta ya gama karatu suka dawo. Duk muka taru a Argungu, har da Kawu, yana gefe a kan tabarma yana gyara wa Inna marfin buta. Yaron ya ƙi kowa, ya maƙale a ƙafar uwarsa. Da ƙyar aka lallaɓa shi aka tsayar da shi a gaban Inna. Na ɗauka za ta shafa fuskarsa ne kamar yadda makafi ke yi. Ba ta shafa ba. Hannunta ya tafi kai tsaye zuwa kunnensa na hagu, ta kama 'yar lanƙwasar da yatsu biyu.

"Shi na," ta ce. "Na san shi, na gan shi."